Jan Waken Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da ganyen wake ba. Ko gona ta yi kore shar, sai ta tuge gindi guda, ta kakkaɓe rairayi, ta duba 'yan ƙurajen da ke manne a saiwa, ta fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja ne kamar hanta sai ta ce, "Alhamdulillahi, ƙasa na da rai, gero ma zai ci albarkacin wake."

Irin gado ne daga tata uwar, wani jan wake mai zaƙi da ba a samunsa ko a kasuwar Mirriya. A gora take ajiye shi, cakuɗe da toka saboda ƙwari. Kashin awakinta kuwa a ka take kai shi gona.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke. Awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya don a sayo hatsi. Irin ma aka taɓa shi, abin da ya rage bai wuce tafi biyu ba.

Da damina ta kewayo, Baba ya ga ba taki, ya shiga mota har Zinder ya sayo na zamani, farin nan mai kama da sukari. Wallahi don ya faranta mata rai ya yi. A ganinsa taki ai taki ne.

Kai! Wake ya yi yaɗo har yana shaƙe gero. Masu wucewa na ta tubarkalla. Inna ta tuge gindi guda. Ƙurajen 'yan tsiraru ne, ta fasa, fari fat.

"Malam, wannan ganye ne kawai," in ji ta.

"Haba, ke dai ki jira fure."

Fure ya zo kaɗan, ya zube.

Bayan shekaru wani malamin gona ya gaya mini ƙurajen nan daga iska suke samo wa wake abin da farin taki ke bayarwa, in an ba shi a sauƙaƙe sai su daina aiki. Abin da ƙasarmu ta rasa, in ji shi, wani sinadari ne, fosfor, wanda kashin awaki ke kawowa. Ihu bayan hari! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A kakar waccan shekarar ko ƙwayar iri Inna ba ta samu ba. Ta zubar da tokar, ta wanke gorar, ta kife. Harawa kuwa ta cika rumfa har tana zubowa, ga shi babu akuya ko ɗaya a gidan da za ta ci.