Tekna Ta Je Roƙon Kare

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Tekna a cacar baki, shi ma ruwa ne ya kayar da ita.

A bakin rijiya aka yi. Ta zo shayar da awakinta tana jaye da wani ɗan kare da ta samo a kasuwar Abalak, ja mai fararen ƙafafu, sai ka ce nono ya taka. Taubashinta Ilas na kan jan guga. Ya dubi karen, ya dube ta.

"'Yar kawu, wannan kuma ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan girma. Oska ne tsantsa, irin masu cim ma barewa a guje. Dubi ƙafafu! Ku a danginku in ban da faso me aka taɓa gani a ƙafa?"

"Saye kika yi?"

"Bunsuru na bayar."

"To, shi ke nan. Yaushe aka fara kasa oska a kasuwa kamar albasa? Shi roƙonsa ake yi."

Ta cika baki da iska za ta wanke shi tas, sai karen ya fizge igiya ya faɗa komin shan dabbobi. Ya fito ja tun daga kunne har farce, ruwan komin kuwa ya koma farau-farau. Ashe farar ƙasa mai sayarwar ya shafa masa. Ilas ya yi dariya har guga ya kuɓuce masa. Tekna ta kaɗa awakinta ta wuce ba ta ce uffan ba, abin da ko mazanta biyu, Allah ya jiƙansu, ba su taɓa gani ba.

Karen bai daɗe ba. Ya ci, ya yi barci, wata rana ya bi masu raƙuma ya tafi ba sallama.

Ita Tekna a cikin awaki ta tashi, a cikinsu ta tsufa. Da su ta aurar da 'ya'yanta mata, da nononsu take cukun da take kaiwa kasuwa ta sayo gero da ganyen shayi. Ba ta da raƙumi, ba ta da ɗa namiji. Dila ya san haka, shi ya sa ya mai da garkenta rumbunsa: yau ɗan akuya, jibi ɗan akuya. In aka ci gaba a haka, kafin damina sai ta koma zaman cin arziki a tantin suruki. Mutuwa ta fi mata wannan sauƙi, shi ma surukin haka.

Sai ta ɗaura wa jaki shimfiɗa, ta tafi roƙon kare kamar yadda mutanen kirki ke yi.

Ta fara da Bazo, wanda kowa ke yabon kyautarsa. Kafin shayi ya tafasa har ya ɗora mata kwikwiyo a cinya, ya shiga jero mata asalinsa, uba da kaka da kakan kaka, da barewar da kowannensu ya kama.

"Allah ya jiƙan kakanni," in ji Tekna. "Ina uwar?"

"Ta ɗan zaga."

Ta zauna har uwar ta dawo, kunne cike da kaska. Bazo ya ɗaga hannu zai gyara amawalinsa kawai, karyar ta maƙale wutsiya ta kwanta a ƙasa. Tekna ta sauke kwikwiyon a hankali.

"Shayinka ya yi daɗi, ɗan'uwa. Sai wani jiƙon."

Daga nan ta nufi zangon Akedima, mutumin da aka ce gara ka roƙe shi haƙorinsa da ka roƙe shi kare. Ta tarar da karyarsa kwance cikin tanti, a wurin da ya fi inuwa, da akushinta na nono a gefe. Shi maigidan yana rakuɓe a bakin ƙofa, rabin jikinsa a rana. Karyar ba ta yi haushi ba. Miƙewa ta yi, ta tsaya tsakanin baƙuwa da 'ya'yanta, ta kafa mata ido. Tekna ta ji sanyi a ranta.

Aka sha shayin fari, aka yi zancen ruwa. Aka sha na biyu, aka yi zancen raƙuman da ba ta da su. Sai da aka kifa kofin ƙarshe ta dubi Tamumun, matar gidan.

"'Yar'uwa, ɗan fitar min da su rana in gani."

Aka jera kwiyakwiyan a kan rairayi mai zafi. Uwar ta fito da sauri, ta tsallake kyawawan, ta fara ɗauke wani mai launin ƙasa, mai kunne kamar an tauna. Tekna ta sa aka maido shi. Ta buɗa bakinsa, ta shafa cikinsa, ta duba ido. Sannan ta saki akushi a bayansu, ƙwal! Sauran suka watse. Shi ya juyo ya zo ganin abin da ya faɗi.

"Wannan nake roƙo."

Akedima ya ja amawali har ƙasan ido.

"In bazara ta yi, nono ya ƙafe, me zai sha?"

"Abin da zan sha. Shi zai fara."

"Za ki ɗaure shi?"

"Ko mazana ban ɗaure ba."

Tamumun ta rufe baki da mayafi. Akedima ya ga ƙofofin duk sun toshe, sai ya koma ga tsohuwar makamar maza.

"Baiwar Allah, oska karen namiji ne, na mafarauci. Mace mai awaki karen gari ya ishe ta. Tun kakanni ba a taɓa ba mace ba."

"Dila ya tambayi mai garken ko mace ce kafin ya ci?"

"Ni dai karyata ce, kuma na ce a'a."

"Taka? A tantin wa ta haihu?"

Ya yi gyaran murya. Kowa ya san tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, in ta tashi tafiya kuma ta naɗe abinta ta bar namiji da sirdinsa a gindin ƙaya.

"Wannan wata magana ce daban," in ji shi. "Karya ta san ubangijinta."

Kwikwiyon nan yau ya tsufa a ƙofar tantin Tekna, bakinsa har ya yi furfura, dila kuwa tuni ya sauya unguwa. A ranar nan Tamumun ce ta naɗe shi a tsumma ta miƙa mata, tana share hawayen dariya, domin Tekna ta juya ta nuna wa maigidan matarsa da leɓe ta ce:

"To ga ta nan, dattijo, tambaye ta. Ran da za ta naɗe tantinta, tsakanin kai da karyar nan, wa za ta aza a jaki?"