Ƙwarin Waken da Na Kai Gida

Ranar da aka ɗauke ni digiri na biyu a sashen nazarin halittu na jami'ar da ke Samaru, malamin da zai duba aikina bai ɓoye min komai ba. Ya ce, "Karatun aji kowa na iya wucewa. Amma wannan digirin na bincike ne. Sai kin yi gwaji da hannunki, kin kawo sakamako, kin tsaya gaban malamin da za a gayyato daga wata jami'a kin kare shi. In wa'adi ya cika babu sakamako, sai dai ki kama hanyar gida."

Ni kuwa aikina a kan ƙwarin wake ne. Kiwonsu nake yi a kwalabe masu wake a ciki, iyaye da 'ya'ya da jikoki, ina gwada garin wani ganye a kansu. Gwajin farko ya lalace, na biyu ma haka, wa'adina saura zango ɗaya. Wallahi a lokacin ko takun malam na ji a baranda sai na sake hanya.

Sai aka ce za a yi feshin maganin ƙwari a ɗakin gwaji. Na zuba kwalabena a kwali, na rungume su a keke har gidanmu a Dogarawa, na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa Inna kayan makaranta ne, ta ce to.

Washegari na dawo daga unguwar PZ da azahar, rana kamar ta fasa kai. Ina shiga na ga tabarma a tsakar gida, wake a baje a kai, an barbaɗe shi da barkono. Kwalabena an wanke su tas, an kife a bakin rijiya. Innalillahi kawai nake iya maimaitawa.

Inna ta leƙo daga madafa tana faɗa. "Ke dai anya! Wake mai kyau kin bar wa ƙwari suna ci a ƙarƙashin gado? Da ban shiga shara ba ai da ya zama gari."

"Inna, ƙwarin ne karatun," na ce. "In babu su korata za a yi."

Ba ta gane yadda ƙwari ke zama karatu ba, amma ta ga fuskata. Ta ajiye ludayi ta durƙusa a kan tabarmar.

"Da ransu kike so?"

Muka shiga tonon waken, barkono na sa mu atishawa da hawaye. Ni hankalina na ƙofar ofishin malam, ina ta neman abin da zan faɗa masa, na rasa. Inna, wadda tun tana budurwa take yaƙi da ƙwarin wake, ita ce ke tsince su a tafin hannunta tana hura musu iska a hankali. Har aka kira la'asar tana miƙo min ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa? Duba da kyau, kamar ya motsa."

Na duba. Bai motsa ba.