Shuɗiyar Rigar Baban Yara

Da aka gama rabon gadon maigidana, Allah Ya jiƙansa, kayan sawarsa suka faɗo a kasona. Mahaifiyarsa ta ce kada in bar ko hula a akwati, wai mamaci ba ya samun sukuni a kabari muddin ana rungumar tufafinsa ana kuka. Malamin Islamiyyarmu ya ce wannan ba ta cikin littafi, amma in an bayar sadaka ana salla da su, ana sa ran lada ya isa gare shi. Ni kuwa sarkin tawakkali na ce ai ba sai an gaya mini ba, tufa tsumma ce. Har da yi wa ƙanwarsa wa'azi don ta ƙi rabuwa da agogonsa.

Duk na rabar, sai wata shuɗiyar shadda da yake zuwa Juma'a da ita. Ita na yi ta ɗauka ina ajiyewa. Daga ƙarshe na yi wayo, na ba wani mutumin Nijar da ke turo mana ruwa a kura, don ya ce gida zai koma. Na ce madalla, lada ya je wa Baban yara, riga ta tsallake iyaka, ni da ita sai a lahira.

Shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar wani kamfanin robobi a Sharada, inda marigayin ya yi aiki. Da na fita takaba na koma bakin tukunyata. Ran nan ma'aikata sun fito cin abincin rana, ina cikin zubawa, na ɗaga kai sai ga rigar tana tahowa. Wallahi sai da ludayi ya suɓuce mini. Ashe mutumin bai je ko'ina ba, gadi ya samu a kamfanin.

Daga ranar na zama mai gadin maigadi. In ya zo da rigar, sai in cika masa kwano har da ƙwai. In ya zo da wata, ya samu daidai kuɗinsa. Bakina kuma ba ya shiru.

"Malam, janye kwanon nan, za ka ɗiga mata mai!"

"To, Hajiya."

"Wa ya ce a naɗe mata hannu haka? Kuma rigar Juma'a ce fa, yau Talata."

Bawan Allah sai ya sunkuyar da kai ya ci abincinsa a takure, kamar wanda ya zo gaban surukai. Mai zoɓon da ke kusa da ni ta gaji da kallo, ta ce, "Yaya, in aure ne ki fito fili mana, mu sayo goro." Ma'aikata suka kwashe da dariya. Na yi ta masifa har shinkafa ta kama, amma a raina na san da gaskiyarta, abin nawa ya yi kama da zautuwa.

Washegari ya zo da baƙar leda, ya durƙusa ya ajiye a gefena. Rigar ce, an wanke an goge.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Na ga kamar ranki bai sake ta ba."

Da ni mutuniyar kirki ce da na ce a'a. Karɓewa na yi, har da godiya. Na kai gida na rufe ƙofa na shinshina, ba komai sai ƙamshin sabulun wani. Juma'a ta zo, ina jin liman yana huɗuba, riga tana ninke a akwati, ba mai ruku'u da ita ba mai sujada. Kunya ta rufe ni. Mutumin da ya ciyar da ni shekara da shekaru, ɗan ladan da zai samu ma na tare hanya na zauna a kai.

Na mayar wa maigadin rigar. Na ce, "Malam, taka ce. Ka sa ta Talata, ka sa ta Laraba, ka ɗiga mata mai har ta mutu a jikinka." Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo hannu, da alama tsoron kada gobe in sake tayar da bori yake yi.

Da damina ta faɗi ya zo yi mini sallama, zai koma gida noma, wannan karon da gaske. Rigar ce a jikinsa, da buhu a ka. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na ci gaba da aikina. Can sai na tsinci kaina a bakin titi, ludayi a hannu, ina leƙen rigar tsakanin tireloli.

Mu mata ba ma raka gawa maƙabarta. Ranar da aka fita da Baban yara ina ƙuryar ɗaki mata sun rirriƙe ni, ko makarar ban gani ba. Na tsaya ina kallon shuɗin nan yana ƙanƙancewa har ya sha kwana, na ce, "Sauka lafiya, Baban yara." Na yi kukana a tsaye, direbobi suna ta danna mini hon.