Iccen Yaya Nomau da Takardun da Gara Ta Ci

Duk wanda ya zauna da Yaya Nomau ya san ba a barin takarda mai fili kusa da shi. Ko buhun siminti ne sai ya zana icce a kai, saiwar a sama, rassan na kallon ƙasa. Ran da ya zana shi a bangon zaure, Inna ta tsaya ta duba.

"Nomau, wanga icce ina shika shan ruwa?"

"Na cikin na'ura ne, Inna."

"Shi ya sa ban ga ɗiya ba."

Ni ƙanensa ne, a firamare karatuna ya tsaya, amma ya yi ta gwada mini har na gane. In an rubuta wa odinatar, wato kwamfuta, umarni, ba ta riƙe shi yadda aka rubuta. Sai ta tsattsaga shi reshe-reshe, da wannan iccen take aiki. A biro, wato ofishin da muke aiki a Keita, shi ke kula da umarnin da ke fitar da rabon ruwa ga masu albasa. Ni kuma ajiyar takardu ce aikina.

Rowarsa kun san ta. In kirtanin na'urar bugu ya bushe, tawadar allo yake shafa masa da gashin kaza. Darakta ya ce takardun biro ƙamshin ƙaro suke.

"Albarka ce, yallaɓai," in ji Yaya. "Ba kowane biro ke samu ba."

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba. Wata damina rufin biro ya fara yoyo. Tsoro ya hana ni sakat, na kwashe disket, faifan da aka rubuta umarnin a ciki, da takardunsa, su ke nan ba wasu, na kai rumbunmu na ɓoye, don nan muke ajiye abin da muke ji da shi. Da kaka na buɗe. Gara ta cinye takardun, zafi ya lanƙwashe disket kamar kunnen akuya. Ga dashen albasa ya matso, an ƙara sabbin gonaki, dole a gyara rabon, kuma ba a gyara umarnin da ba a iya karantawa. Darakta ya ce wanda ya yi wannan aikinsa ya ƙare.

Na samu Yaya na faɗa masa abin da na yi.

"Idi, gara ta ci na'urar?"

"A'a."

"To icce na nan. Tahi ka ci tuwo, ka ishe ni da huci."

Darakta ya so kiran gwani daga Yamai, Yaya ya ce ko da wasa. Kwana huɗu ya yi yana rubuta wani ƙaramin umarni mai bin iccen daga saiwa, kowane reshe ya mayar da shi rubutu. Bugun farko ya fito a cunkushe, babu sarari ko ɗaya. Na ce ai ya isa. Ya harare ni.

"Wanga na'ura za ta gane. Mutum nika yi ma."

Sai da kowane reshe ya samu layinsa, ƙarami ya matsa ciki ƙarƙashin babba, har ni na iya bi da yatsa. Bayanan gefe da ake rubuta wa mai karatu ne kawai ba su dawo ba, don na'ura ba ta ajiye su. Yaya ya sake rubuta su da Hausa. A wuri mafi wuya ya sa: "Nan a bi a hankali, kamar Idi." Mutanen biro sun yi wata guda suna yi mini dariya.

Ruwa ya isa kowace gona a kan lokaci. Da darakta ya sake tambayar wanda ya kai kayan rumbu, ina tsaye Yaya ya ce, "Ni na ce a kai. In kora ce, ga ni." Wa zai kori mutumin da ya hana albasar gari bushewa?

Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya. Ni kuwa ƙaryar da ya yi domina ta daɗe tana damuna, kullum ina roƙa masa gafararta. Ya Allah, laifin nawa ne. Ka rufa wa Yaya asiri yadda ya rufa mini, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.