Abin da Ma'auni Ya Gani a Rami na Sha Shida

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Wanda ya biyo bayansa da safe a kan titin da ya nufi filin golf zai lura da haka tun bai ga fuskarsa ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna, kuma jakar ce ta yi masa wannan zaman. A filin ba mai tuna sunansa na gaskiya. Ma'auni ake ce masa, don in ya kanne ido ɗaya ya dubi tutar da ke kan rami, ya tsinko ciyawa ya sake ta a iska, to sandar da ya ce a ɗauka ita ce.

Wasan ba wuyar faɗi. Ramuka goma sha takwas ne, da 'yar farar ƙwallo, da sanduna masu lamba, kowace da nisan da take kaiwa. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Sauran duk yana cikin ƙirjin mutum.

Fiye da rabin shekarun nan jakar mutum ɗaya ya riƙe, wani likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Likita. Suna da wata ɗabi'a tsakaninsu. In Likita ya iso inda ƙwallonsa take, sai ya ɗora hannu a bakin jaka, idonsa na kan tuta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Me ka gani?" Kafin ya rufe baki Ma'auni ya faɗi lamba. Matar Ma'auni, wadda ke ɗinki a zauren gidan hayarsu, ta sha cewa ita in ta yi masa tambaya sai shayi ya huce kafin ya amsa, amma Likita ko tari ya yi sai ya samu amsa. Ita ce ke ɗinka masa 'yan matashai na ragowar yadi yana ɗaurawa a igiyar jaka, kuma ita ta fara jin yadda yake cije baki in zai saka riga.

Da aka duba shi a asibitin ƙashi, an ce kafaɗar ta gama nata. In bai ajiye kaya ba, wata rana hannun zai ƙi ɗagawa.

Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, wato takardar shaidar koyarwa. Mai ita a inuwa yake tsayawa a wurin atisaye, yana gyara wa sababbin shiga riƙon sanda, ba ya ɗaukar komai. Ranar Litinin, da ake rufe kulob a bar wa ma'aikata fili, Ma'auni ya daɗe yana wasa da tsofaffin sandunan da Likita ya ba shi, kuma kowa ya san hannunsa. Sai dai ba a ba da takardar sai mutum ya shiga babbar gasar kulob ta shekara, a gaban jama'a, ya gama da bugu saba'in da shida ko ƙasa da haka. Kuma ba a karɓar wanda ya wuce hamsin. Ya gwada a baya ya faɗi, don da zarar ya ga mambobi sun jeru a baranda suna kallo, sai hannuwansa su zama kamar na aro. Bana ya cika hamsin.

Da aka jefa ƙuri'ar waɗanda za su yi tafiya tare, sai sunansa ya fito da na Likita, wanda ke shiga gasar kowace shekara don nishaɗi. A ɗakin 'yan ɗaukar jaka aka yi ta taya shi murna, wai Allah ya haɗa shi da fuskar da ya sani. Taubashinsa, wanda ake kira Aku saboda bakinsa ba ya hutawa, shi ya ce zai ɗaukar masa jaka, da sharaɗin in ya zama malamin koyarwa kada ya fara yi musu magana ta hanci.

Da safen gasar matarsa ta rufe keken ɗinki ta biyo shi, karon farko da ta taka filin. Ta tsaya bayan igiyar 'yan kallo riƙe da jakar hannunta, tana mamakin yadda ake shayar da ciyawa kamar jariri. Rigar da ke jikinsa ita ta ɗinka, kuma a gida akwai wata irinta a rataye, mai aljihu biyu, ta ranar da zai fara koyarwa.

A wurin bugun farko Likita ya miƙo masa hannu yana murmushi.

"Yau ban san ka ba, ba ka san ni ba."

"Ranka ya daɗe, ko gaisuwa sai an tashi," in ji Ma'auni.

Duka biyun sun san abin da suke nufi. A dokar gasa, ɗan wasa ba ya tambayar ɗan wasa shawara, ba ya kuma ba shi. Mai ɗaukar jakarka kaɗai ke da bakin ce maka ɗauki wannan sanda. Wanda ya karya, a ƙara masa bugu biyu, mai tambaya da mai amsa duka. Ma'auni da kansa ya koya wa sababbin ma'aikata wannan doka ba sau ɗaya ba.

Aka kira shi, ya matso wurin bugu. Ya ji ƙarar cokali a kan kofi daga baranda, ya ji wani ya yi gyaran murya. Ƙwallon ta tafi hagu, cikin doguwar ciyawa. A rami na biyu ta faɗa kwarin yashi, kuma bayan ya fito da ita sai ya tsinci kansa riƙe da manjagara yana share sawunsa. Aku ya fizge ta.

"Kai tsohon jaki, an sauke maka kaya kana neman wani? Yau kai ne mai gida. Tafi ka tsaya kana hura hanci kamar yadda suke yi."

Ya yi dariya, amma bugun bai gyaru ba. A hanyar rami na huɗu ne dabara ta zo masa. Shi bai taɓa jin tsoro a filin nan ba in yana riƙe da jakar wani. To me zai hana ya ɗauka ƙwallon ta wani ce? Da ya iso kanta sai ya tsaya, ya kira muryar Likita a cikin kansa, ya ji ta ce me ka gani. Ya amsa a ransa, lamba takwas. Ya karɓi sandar ya buga kamar mai cika umarni, ƙwallon ta sauka kusa da tuta ta tsaya.

Haka ya yi ta yi. Kowane bugu sai ya yi wa kansa tambayar da muryar Likita, ya amsa, ya buga. Barandar ta ɓace masa, 'yan kallo suka zama bishiyoyi. Ya dawo da abin da ya rasa a farko, har Aku ya yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Likita kuwa yana ta fama. Sabon mai ɗaukar jakar da aka ba shi bai san hannunsa ba, sai dai ya ce duk wadda Likita ya ga dama. Sau da yawa tsohon ya juyo wajen Ma'auni, ya tuna, ya haɗiye maganarsa.

Suka iso rami na sha shida Ma'auni yana da rarar bugu ɗaya. Gajeren rami ne, amma akwai tafki tsakanin mai bugu da tuta, kuma tafkin nan ya ci ƙwallayen Likita da ba su ƙirguwa. Alƙalin wasa, wani mamba mai farar hula da Ma'auni ya taɓa riƙe wa jaka, ya zo ya tsaya kusa, don labari ya bazu cewa Ma'auni na gab da samun takardar. Ma'auni ya yi tambayarsa a ransa, ya amsa, ya buga. Ƙwallon ta haye ruwa ta zauna lafiya. Aka tafa. Ya ja da baya, ya tsaya inda ƙafarsa ta saba tsayawa, gefen jakar Likita.

Likita ya ɗora hannu a bakin jaka, idonsa na kan ruwan.

"Me ka gani?"

"Lamba bakwai, ranka ya daɗe. Iska na gaba."

Muryar da ya yini yana amsa wa ce, sai dai wannan karon daga waje ta zo. Ma'auni ne ya fara ganewa, tun kalmar ƙarshe ba ta gama fita ba. Aku ya sauke jaka a hankali ya zauna a kanta. Likita ya juyo, bakinsa a buɗe, ya dubi hannunsa da ke kan jakar kamar shi ya yi laifin.

Alƙalin ya cire hularsa ya matso. Ya ce da bai ji ba da ya fi masa daɗi, amma ya ji, kuma mutanen da ke bayan igiya sun ji. Bugu biyu a kan kowannensu. Likita ya ce shi ya yi tambaya, bakinsa ne ya suɓuce, a ɗora masa huɗun duka, ko a kore shi daga gasar, ko daga kulob ɗin ma. Ya roƙi alƙalin da zaman da suka yi tare. Alƙalin ya ce doka ba ta ba shi wannan ikon ba.

"Bari, Likita," in ji Ma'auni. "Na faɗa. Ka buga, ana jiranmu a baya."

Likita ya zaro lamba bakwai ɗin, idonsa ya cika, ya buga ba tare da ya saita ba. Ƙwallon ta haye tafkin ta tsaya taƙi ɗaya daga rami. Bai taɓa irin wannan bugun a wurin ba. Ba wanda ya tafa.

Yanzu Ma'auni ya wuce iyaka da bugu ɗaya, kuma ramuka biyu suka rage ya dawo da shi. A na sha bakwai bai samu ba, bai kuma ƙara rasawa ba. Na ƙarshen dogo ne, yana ƙarewa daidai gaban baranda. Ya yi bugu uku masu kyau, ƙwallon ta tsaya 'yan taku kaɗan daga rami. In ta shiga da bugu na gaba, ya samu takardar.

Ya durƙusa ya duba gangaren ciyawar. Ya san wurin nan kamar tsakar ɗakinsa, ya karanta wa mutane shi sau ba adadi. Ya nemi muryar nan a cikin kansa, ta ƙi zuwa. Ko da ta zo, tsoron amsa mata yake yi. Ba kowa a wurin sai shi, da sandarsa, da hannuwan nan nasa. Can bayan igiya ya hango matarsa, ba ta san lissafin ba, amma ta ga fuskar Aku, ta rungume jakarta a ƙirji.

"Taubashi, ka sha jefa wadda ta fi wannan ranar Litinin," in ji Aku.

Ya buga. Ƙwallon ta bi hanyar da ya gani, ta iso bakin rami, ta zagaye shi, ta fito ta tsaya a gefe. Daga baranda aka ji wani dogon nishi. Ya tura ta ciki, ya sunkuya ya ɗauko, sannan ya karɓi tutar daga hannun Aku ya mayar da ita ramin da kansa. Wannan karon Aku bai hana shi ba.

Suka hau motar haya suka koma. Sai da suka shiga gida matarsa ta tambaya ko ba a ɗaukaka ƙara. Ya ce ba a yi masa zalunci ba balle ya kai ƙara. Ta ce to wannan wace irin doka ce, mutum ya tambaye ka hanya ka nuna masa a ce ka yi laifi? Ya ce haka wasan yake. Ta tsaya tana kallon rigar nan mai aljihu biyu da ke rataye a bayan ƙofa, sannan ta sauke ta ta ninke ta saka ƙasan akwati. Da la'asar ya ji ƙarar kekenta a zaure. Matashin igiyar jaka take ɗinkawa, mai kauri fiye da na da, kuma ta karkata yankan don ya zauna a kafaɗar hagu.

Likita ya yi makonni bai leƙo filin ba. An ce ya rubuta wa masu ba da takardar, sun amsa masa da ladabi cewa ba a sauya ƙa'idar shekaru. Ranar da ya dawo, ya rame. Ya tsaya a ƙofar ɗakin 'yan ɗaukar jaka ya kasa kiran kowa. Ma'auni ya tashi ya ɗauki jakar ya rataya a hagu.

Suka yi ta tafiya. A kowane rami Likita da kansa yake zaro sanda, sau da yawa ba wadda ta dace ba, Ma'auni na gani. Hirar da suka yi ba ta wuce ta zafin rana da lafiyar iyali ba. A rami na sha shida tsohon ya ɗora hannu a bakin jaka, ya dubi ruwan, leɓensa ya motsa, ya rufe bakin.

Ma'auni ya tsinko ciyawa ya sake ta a iska. Ya zaro lamba bakwai, ya goge kanta da tawul, ya miƙa masa.