Ranar da Inna Ta Ɗiga wa Birki Mai

Ina aji biyar Baba ya sayi babur. Shekarar ce aka ƙara wa ma'aikata albashi, har malamin gona irinsa a Ketare ya jingine keke. Kowace safiya yakan tsuguna a zaure ya zaro ɗan ƙarfen auna baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake dubawa, sannan ya danna tayoyi da babban yatsa. Ni ina bayan ƙyaure ina kallo.

Da damina ta yi nisa birki ya fara kuka. Baba ya kai wa wani bakanike abokinsa a Kankara, aka daidaita, kukan bai daina ba.

Inna maɗinkiya ce, a wurinta duk ƙarfen da ya yi ƙara mai yake nema. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci a ƙafa, ta fito zaure da 'yar kwalbar man keken ɗinkinta mai dogon baki. Ta durƙusa ta ɗiɗɗiga ta tsagar da ke tsakiyar tayar baya, ta koma ta gaba.

"Kada ki faɗa mashi," ta ce tana murmushi. "Bar shi ya ji shiru ya yi ta mamaki."

Washegari ya goya ni zuwa Kankara ɗaukar hoton makaranta. Babu kuka kam. Muna cikin wata gangara sai ga garken shanu ya cika hanya. Baba ya taka birki, ya matse na hannu. Babur ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba. Ina kallon ƙafarsa tana takawa, tana sake takawa. Ya yi salati da ƙarfi, ya karkata kan babur cikin gonar dawa. Ganye ya yi ta marina a fuska har muka zube tsakanin kunyoyi.

Gwiwata kawai ta kuje. Baba ya shafa kaina, ya tashe ni, sannan ya ɗaga babur.

Da turi muka ƙarasa Kankara. Bakaniken yana ƙarƙashin dalbejiya, masu babura uku suna jiran layi. Yana ganin laka a rigar Baba ya fara tsiya.

"Malam, noman ka koma yi da babur?"

"Kai ka taɓa birkin nan!" Baba ya daka masa tsawa, mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa. "Ka kusa kashe mani ɗiya!"

Dariyar ta ɗauke. Bakanike ya ɗauki sifana ya kwance tayar baya, ya ciro ƙarafa biyu masu kama da jinjirin wata, su ne ke kama taya. Suna ta sheƙi. Ya lakata da yatsa ya shinshina.

"Wallahi Malam, wannan man ba nawa ba ne. Ni ko irin shi ba ni da."

"To aljani ya zuba?" in ji ɗaya daga cikin masu jira. Ya miƙe ya fara tura babur ɗinsa, na biyu ma ya kaɗe riga. Bakanike ya bi su da ido. Ko ni yarinya na gane, in suka tafi da labarin nan, ba mai sake kawo masa aiki.

A aji ma in an kira sunana sunkuyar da kai nake yi.

"Inna ce," na ce. Ba wanda ya ji. Na ja hannun rigar Baba. "Inna ce ta ɗiga man keke. Don ya bar kuka."

Baba ya dube ni baki buɗe, ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya. Can ya miƙe, ya kama hannun bakanike da hannu biyu.

"Ka yafe mani. Na zalunce ka a gaban mutane."

Mai tura babur ya dawo da shi inuwa, yana cewa dama iska ya je sha. Bakanike ya wanke ramin birkin gaba da na baya da fetur, ya goge da samfefa, ya sa sababbin ƙarafa, don waɗanda suka sha mai ba sa sake kamawa.

"'Yar boko," ya ce mini, "ki gaya wa mai keken ɗinki, sarƙa ke shan mai. Birki da ƙishinsa yake aiki."

An ɗauki hoton da tsinken ciyawa a ɗankwalina. A hanyar komawa, kowace 'yar gangara Baba yana gwada birki tun daga sama. Da muka isa ya shiga ɗakin Inna ya saki labule. Ban ji faɗa ba. Salatinta kawai na ji, sau uku, sannan ta fito ba ko ɗankwali, ta durƙusa tana duba gwiwata.