Hoton da Yaya Shu'aibu Bai Goge Ba

Ranar Talatar nan Yaya Shu'aibu mai hoto zai cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya jiƙansa. Ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi a Suleja, kwano ɗaya muka ci. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo nakan ɗauki alƙalami don in rubuta yabonsa, domin yana da abin yabo, amma abin da ke fara zuwa idona ba fuskarsa ba ce. Hannun wata mace ne, riƙe da mayafi ruwan goro, tana ɗaga shi kada bakinsa ya taɓa laimar ciyawa. Daga hannun nan idona ya hau zuwa fuskarta. Bana na yi niyyar faɗin abin da ya biyo baya, ko da yabon zai ragu.

Waɗanda suka yi aure a Suleja da Madalla a shekarun can sun san aikinsa. Sa'ad da sauran masu hoto ke jera ango da amarya a ɗaki, gaban labule mai zanen bene, su haske musu ido, shi sai ya kwashi mutane ya kai su bayan gari, gefen gonakin da ke fuskantar dutsen Zuma. Bai yarda da fitilar kyamara ba, ya ce tana daskarar da fuska. Ba ya ɗaukar kowa da tsakar rana, wai inuwa kan taru a ramin ido, mutum ya fito kamar wanda ya tashi daga jinya. Lokacinsa ɗaya ne, daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, lokacin da rana ta yi laushi, dutsen ya ɗauki launin gasasshiyar masara. Sai ya sa masoya su ba rana baya, haske ya zana gefen mayafi da bakin hula, ni kuma in riƙe masa wani faffaɗan faifai mai ƙyalli da ke mayar da hasken kan fuskokinsu. Ban taɓa jin ya ce wa kowa ya yi murmushi ba. Sai dai ya ce wa ango, "Raɗa mata abin da ka ci da rana." Ango ya ce ɗanwake, amarya ta fashe da dariya, an gama aiki.

Ni malamin firamare ne, hoto ba sana'ata ba ce. Kwaɗayin kallon masoya ne ke sa ni bin sa duk Asabar. Da littattafan soyayya na kasuwa na tashi, irin waɗanda ake haya a karanta a mayar, kuma na gaskata su. Na yi imani kowa akwai wadda aka rubuta masa, ranar da zai gan ta kuma duniya za ta ba shi alama. Ina da shekara ashirin da tara ina jiran tawa alamar.

Mai hannun sunanta Rifkatu, tela ce, 'yar wani tsohon malamin makaranta da ya zo daga kudancin Kaduna ya zauna a Suleja. Ita ta ɗinka kayan amaryar da za mu ɗauka ran nan, ta kawo su har bakin gona kamar yadda aka umarce ta. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa da rana ya wanke sama. Ango da amarya kuwa suna tahowa daga Abuja, cunkoson Madalla ya riƙe su. Yaya yana duban rana yana tsaki. Can ya ce zai gwada haske kafin su iso, yana son ya ga yadda mayafin zai sha rana. Ya ce in ajiye faifai in tsaya a madadin ango, Rifkatu ta yafa mayafin ta tsaya a madadin amarya.

"Oga, ni fa ba na son wasa," in ji ta. "An kusa fara sanar da aurena a coci."

"Gwaji ne, Madam Tela. Ina gani zan goge."

Ta yafa. Muka tsaya, tsakaninmu bai fi tafin hannu ba. Ni dai idona na kanta. Ita kuwa ta ƙame kamar mai jiran allura, sai Yaya ya yi abin da ya iya. Ya ce, "Wane ne mai sa'ar? Faɗa mini sunansa." Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Istifanus," wani murmushi ya kuɓuce mata wanda ban taɓa ganin irinsa a fuskar ɗan Adam ba. A nan ya danna. Ango da amaryar ainihi ba su iso ba sai da duhu ya fara, amarya ta yi fushi ta kwashi kayanta, ba mu sake jin duriyarsu ba.

Bai goge ba. Bayan kwana uku na tarar da hoton, an wanke shi babba, a cikin akwatin gilashin da ke ƙofar shagonsa, inda duk mai wucewa kasuwa zai gani. Ga ni cikin farin yadi da hula ina kallon ta, ga ta cikin mayafin amaren Hausawa tana wannan murmushin, ga Zuma a bayanmu kamar an hura masa wuta. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa kama haske irin wannan ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Na tsaya gaban gilashin nan har ƙafata ta gaji. Da kunnena na ji sunan da ya jawo murmushin, amma son zuciya ya toshe kunnen. Na ce alamata ce ta zo.

Yau in na ga yadda hoton kafin aure ya koma, nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Yara na ɗauka da waya, a shafe fuska har ta rasa ƙofofin gashi, a manna Zuma a bayan mutanen da ba su taɓa taka ciyawar wurin ba. Na san zai yi tsaki ya ce hasken ƙarya ne. Amma ina jin wani abu zai burge shi. A zamaninsa akwatin gilashi ɗaya ne, a titi ɗaya, da makulli a aljihunsa. Yanzu kowa na yawo da akwatinsa a tafin hannu, hoton da ya shiga kuma ba mai iya ciro shi. Abin da ya yi wa mace ɗaya da gangan, yau ana yi wa mata da yawa da yatsa ɗaya, ba tare da an ko san sunansu ba.

Wata daga cikin matan cocin su Rifkatu ce ta fara ganin hoton a gilashi. Ranar Lahadin da aka karanta sanarwar aure karo na biyu, wani ya miƙe ya ce yana da magana. Kafin Laraba gari ya ɗauka: wasu sun ce ta musulunta a ɓoye, wasu sun ce an riga an ɗaura mana aure. Dangin Istifanus suka zo har ƙofar shagon, suka tsaya suka kalla, suka juya suka tafi. Me za ta faɗa musu? Ta ce gwajin haske ne, suka ce ina amaryar ainihi. Babu ita, babu hotonta. Istifanus kansa, an ce, abu ɗaya ya riƙa maimaitawa: shi bai taɓa ganin ta kalle shi haka ba. Bai san sunansa ne a bakinta ba.

Ina shagon ta zo, idanunta sun kumbura.

"Oga, ka ce za ka goge. Ka cire shi, don girman Allah."

"Gobe in Allah ya kai mu, makullin na gida."

"Dattawan coci za su zauna ranar Asabar ƙarfe biyar. Sun ce in ku biyu kuka zo kuka faɗi yadda aka yi, magana ta ƙare."

Yaya ya ɗaga kai daga goge gilashin kyamara. "Biyar? Ranar Asabar? Madam, ai lokacin haske ke nan, ina da aure biyu a Zuma. Ki ce su mayar da shi sha biyun rana, lokacin ba ni da abin yi da rana."

Aure biyun nan hoton ne ya kawo masa su. Kowa ya zo sai ya nuna gilashi ya ce irin wannan yake so. Dattawa ba su sauya lokaci ba, domin Istifanus sai yamma yake tasowa daga aiki. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai ka je mana, ai fuskarka ce a ciki." Rifkatu ta juyo gare ni, ta ce, "Malam, za ka zo?" Na ce zan zo.

Na kuwa je. Na sa kaya, na hau babur, na isa har gindin mangwaron da ke kallon ƙofar cocin. Na ga mahaifinta ya shiga da sandarsa, na ga Istifanus, wani siririn mutum mai tabarau. Na gan ta ta fito sau biyu tana duban hanya. Ina zaune a kan babur wani tunani ya zo mini, mai daɗi kamar zuma. A duk littattafan da na karanta, sai an fasa auren farko masoyi na gaskiya yake samun hanya. Na ce wa kaina in na shiga na rusa abin da aka rubuta. Da ta fito karo na uku na sunkuya bayan wata mota. Sannan na tayar da babur na tafi Zuma, na riƙe wa Yaya faifai. Ya tambaye ni yaya aka ƙare, na ce lafiya. Hasken ran nan ma ya yi kyau.

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na daɗe ina ɓuya bayan Yaya, ina cewa shi ya ƙi gogewa, shi ya ƙi cirewa. Gaskiya ne, hoton ya yi shekara biyu a gilashin, sai da rana ta cinye launinsa ya sauya shi. Amma bayan wata ɗaya da fasa auren, ni ne na zauna na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, da taurari da furanni a ciki. Mahaifinta ne ya dawo mini da ita har makaranta, a ninke.

"Ɗana, ka iya rubutu," in ji shi. "Ran nan kalma biyar kawai muke nema a bakinka."

Me ya saura na Yaya Shu'aibu? Hotunansa suna rataye a ɗakuna da yawa a garin nan, kuma duk wanda ya kalle su zai ga iyayensa a ranar da suka fi kowace rana kyau. Ya koya wa mutanenmu cewa fuskar baƙin mutum ba ta bukatar a wanke ta da fitila. Yana da kyauta, ya riƙe marayun ƙanwarsa har suka girma. Ya san minti nawa rana ke ɗauka kafin ta faɗa bayan tudu, amma ko a kan gadon asibiti, da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, na ambaci Rifkatu ya ce, "Wace ce?" Na ce mai mayafi ruwan goro. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai, wannan haske!"

Bayan sadakar bakwai, da muka bi mutane muna nema masa yafiya, na nemi inda take. Ta koma Garam, wani gari da ba shi da nisa da Suleja, tana da ɗan shago kusa da wata makaranta. Ta daina ɗinkin amare tun shekarar, ba ma wanda zai kawo mata. Na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta tsayar da keken ɗinkin ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Oga ya rasu? Allah ya ba ku haƙuri. Na yafe masa, mu ma a wurinmu ana yafe wa matattu."

Sai na ce, "Ni fa?"

"Kai da sauranka, Malam. Matsa, ka tare mini ƙofa."

Har yau tana Garam. Ta haura arba'in, ba ta yi aure ba, mahaifinta ya rasu a hannunta bara waccan. Kayan makaranta take ɗinkawa, wando da riga, shuɗi da fari. Istifanus ya auri wata daga garinsu, ya gina gida a Garam ɗin, 'ya'yansa uku suna wannan makarantar. Duk farkon zango matarsa kan kawo su shagon, Rifkatu ta durƙusa ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunan ubansu a jikin takardar awo.